Kumburin da ke sa rigar daji

Tun da 'yan mishan na SIM suka sauka Kwoi a 1910, aikin magani a ƙasar Ham da ido da hannu aka fi yinsa: a wanke gyambo, a ɗaure, a ba da ƙwaya. Dattawan da suka koya mana aiki ba su da madubin duba tsoka. In mutum ya zo da kumburi mai tauri a muƙamuƙi, ya ƙi nuna ya ƙi sacewa, sai a ce ciwon daji ne, a koma gida a dage da addu'a. Ban ga laifinsu ba. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana dajin da ke cin muƙamuƙin yara a Yuganda, kuma muna da shi a nan ƙasar.

Amma akwai aktinomaikosis, cutar da ke shigar burtu. Wani Bajamushe, Otto Bollinger, ya fara bayyana ta a muƙamuƙin shanu a 1877, James Israel kuma ya gan ta a jikin mutum a 1878. An daɗe ana ɗora laifin kan tauna ciyawa. Ashe ƙwayar a bakin kowa take zaune lafiya lau, sai ruɓaɓɓen haƙori ko rauni ya buɗe mata ƙofa. Takan shiga huhu ko ciki, ta yi ƙullutun da hoto ma ba ya raba shi da daji. Ba a ɗaukarta daga mutum ko saniya.

Na gan ta a fuskar wani dattijo manomin citta. 'Ya'yansa, da suka ɗauka daji ne, har sun fara cinikin gona. Ƙarƙashin haɓarsa akwai 'yan ramuka masu tsatsafar mugunya. Da na matsa a kan auduga, sai ga ƙananan ƙwayoyi rawaya kamar tsakin masara. Likita a Kafanchan ya yanki 'yar tsoka aka aika asibitin Shika, amsa ta dawo: ba daji ba ne.

Maganin fenisilin ne, wanda bai wadata ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin nan cutar kan kashe. Wahalar ita ce tsawonsa: allura ta makonni, sannan ƙwayoyi na wata shida, wani lokaci shekara. Mutanenmu kuwa sun saba da allura biyu a miƙe.

"Baba, ko kumburin ya sace, kada ka daina," na ce masa.

"To ɗana, cittar wa zai haƙa?"

Jikokinsa suka haƙa. Ya warke, sai tabo.

Cutar ba ta da yawa, kuma kumburi da dama dajin ne da gaske. Shi ya sa nake roƙonku, 'yan uwa: kafin a sayar da gona ko a fid da rai, a kai mara lafiya asibiti a yanki tsokar a duba.