Daga Dakali Zuwa Gudun Hijira: Wuraren Zaman Dattawa a Sabon Birni da Isa

Garuruwan Gobir na yau ƙaura ce ta haife su. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa sun yi ta gwagwarmaya da Sakkwato har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda daga nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a cikin ƙasar Nijar ta yanzu. Daga baya wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a gefen Gulbin Rima. Isa kuwa tana ɓangaren Sakkwato tana tsaron iyaka, ita ma sarkinta Sarkin Gobir ake ce masa. Duk inda aka yada zango, tsari ɗaya ake maimaitawa: ganuwa, fada da filin ƙofarta, masallacin Juma'a, kasuwa, sai unguwanni da lungunansu. Gari ne da aka yi domin mai tafiya a ƙasa da mai jaki. Ba don tsofaffi aka tsara shi ba, amma su ya fi yi wa daidai.

Dubi dai ƙofar gidan talaka a wancan zamani. Ga zaure mai sanyi ko da rana ta take, ga dakalin laka a jikin bango wanda bai wuce gwiwa ba, yadda mai ciwon baya zai zauna ya miƙe ba sai an kama shi ba. Dattijo ya dawo daga sallar asuba, jika ya shimfiɗa masa buzu. Duk mai wucewa gona sai ya rusuna: "Baba, an tashi lafiya?" Kafin hantsi ya ji wanda ya haihu, ya ji wanda shanu suka yi wa ɓarna. A nan yake tufka igiya ko saƙar tabarma, a nan ake kawo masa rikicin gado da na iyakar gona. Ran da aka ga dakali babu kowa, kafin azahar an leƙo a ji ko lafiya.

Tsofaffin mata ma suna da nasu fagen. Macen da ta manyanta kulle ya sake ta, ita ce mai zuwa kasuwa da daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli, ita ce unguwarzoma, ita ce ’yar aike tsakanin gidaje ranar biki da suna da rasuwa. Ƙafarta na motsi, ’yan kuɗinta na hannunta, maganarta na da nauyi.

Zuwan Turawa ya sauya fasalin ƙasar. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ta ja iyakar da ta bar Tsibiri da Maraɗi a can, Sabon Birni da Isa a nan, ko da yake zumunci da cinikayya ba su san da ita ba. Yaƙe-yaƙe suka lafa, ganuwa ta zube ba mai gyara, mutane suka bazu cikin ƙauyuka kusa da fadama. A zamanin ne kuma dogon yaro ya yaɗu a bakin hanyoyi da kasuwanni, ya zo ya tarar da durumi da tsamiya, inuwa ta ƙaru. Da rediyo ya shigo, majalisar dattawa ta samu sabon abokin hira.

Sauyin da ya fi taɓa tsofaffi ya biyo bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976. Harkokin da a da ake gamawa a ƙofar fada, a zaune kan tabarma, suka koma sakatariya da kotu da banki, wuraren da ake hawa matakala a bi layi a tsaye. Kwalta ta ratsa gari, ’yan kabu-kabu suka cika ta, magudanan ruwa marasa murfi suka raba ƙofar gida da titi. Mai sanda da raunin gani sai ya yi lissafi kafin ya tsallaka zuwa masallaci. Magada da yawa suka fasa zaure suka mai da shi shago, dakali ya tafi tare da ginin laka. Matasa suka kafa nasu dandalin wajen mai shayi da gidan kallon ƙwallo, wasu suka tafi ci-rani. Duk da haka masallaci da kasuwar mako da zaman makoki sun ci gaba da riƙe dattijo cikin jama'a.

Waɗannan ne rashin tsaro ya zo ya girgiza. Tun wajen 2019 hare-haren ’yan bindiga suka tsananta a gabashin Sakkwato. A watan Mayun 2020 an kashe mutane da dama a wasu ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya, matakin da ya yanke tsoho da ɗansa na ci-rani mai turo masa na cefane. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun masu garkuwa. In sarki mai rawani bai tsira a hanya ba, ina ga tsohuwa mai tallan daddawa?

Ranar gudu, tsoho ne na baya. Wanda ya kuɓuta ya tsinci kansa a ajin makaranta ko kangon gini a cikin gari, ko a ƙetaren iyaka wajen Gidan Rumji, ko a garuruwan da Hukumar ’Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da mutane, irin su Garin Kaka da Cadakori. Ko ya samu abinci, ya rasa wurin da ake zuwa gaishe shi. Mai raba gardama jiya ya zama baƙo mai jiran a kira sunansa. Zumunta a ƙafa take, to ga ƙafar an ɗaure. Zama wuri ɗaya na sandarar da gwiwa, kaɗaici da tunani na tayar da hawan jini, asibiti kuma na bayan hanyar da ake tsoro.

A takarda akwai tanadi. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan garuruwan da suka dace da tsofaffi, ta lissafa wurin zama da hanyar ƙafa da makewayi da tsaro. Najeriya na da dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, da kuma dokar 2019 ta masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024.

A Sabon Birni da Isa aikin farko shi ne tsaron hanya da kasuwa. Amma akwai abin da ƙananan hukumomin biyu da masu unguwanni za su iya tun yanzu ba da kuɗi masu yawa ba: rufe magudanan da ke gaban masallatai, ajiye benci da inuwa a asibiti da wurin rabon tallafi, fara sallamar tsofaffi kafin kowa, da ware rumfar dattawa a duk inda aka sauke ’yan gudun hijira. Ranar da za a zauna sasanta manomi da makiyayi, ko tantance iyakar gonakin da aka gudu aka bari shekaru, waɗannan dattawan za a nema, don su suka san wane ne ɗan wane da inda gonar kowa ta tsaya.