Kuɗin Landan, Shari'ar Ƙonni: Tarihin Tallafin Waje a Yaƙi da Bauta a Jihar Tawa

A ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ƙungiyar CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare wata ƴar ƙasarta, Hadijatu Mani, daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Mutanen ƙasar Ƙonni, daga Bazaga har Malbaza da Illela, sun san wannan labari, don a ƙofar gidansu ya faru. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar kuɗi. Mace ƴar ƙauye, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, wadda aka sayar tana da shekara 12, ina ta sami lauyoyin da suka kai ƙasa guda gaban alƙalan Afirka ta Yamma? Amsar tana Landan. Kuma duk mai son fahimtar rigimar da ake yi yau tsakanin hukumomin Yamai da ƙungiyoyin agaji, ya kamata ya bi sawun wannan kuɗi.

Kuɗin waje mai ɗauke da manufa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Asibitin Galmi, da ke cikin ƙasar Malbaza, ƴan mishan na SIM ne suka buɗe shi a 1950, kuma ba su taɓa ɓoye cewa wa'azin Kirista na cikin abin da ya kawo su ba. Ƙungiyar da'awa da Gaddafi ya kafa a Libiya a 1972, da ta Abdurrahman al-Sumait ta Kuwait da aka kafa a 1981, sun gina masallatai da rijiyoyi a ƙasashen Sahel, su ma da tasu manufar. Talaka ya sha magani, ya sha ruwa, ya san kuma hannun da ya ba shi.

Wani iri daban ne ya shigo bayan 1990. A Jamus kowace babbar jam'iyya tana da gidauniyarta: Friedrich Ebert ta ƴan gurguzu masu sassauci, Konrad Adenauer ta masu ra'ayin riƙau na CDU, Rosa Luxemburg ta ƴan hagu. Mafi yawan kuɗinsu daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, ana raba shi gwargwadon ƙarfin jam'iyya a zaɓe. A Amurka, majalisa ta kafa asusun NED a 1983 zamanin Reagan, wanda ke ciyar da cibiyar NDI mai alaƙa da jam'iyyar Democrat da IRI mai alaƙa da Republican. Sai attajirai irin su George Soros, wanda gidauniyarsa ta buɗe reshen Afirka ta Yamma, OSIWA, a shekarar 2000. Waɗannan ba rijiya suke haƙawa ba. Taron ƙara wa juna sani suke biya, da bincike, da horar da ƴan jarida da ƴan majalisa, da kuɗin lauya. Wato ra'ayi suke shukawa, su jira ya tsiro ya zama doka.

Ƙofar ta buɗe musu ne lokacin da mulkin Janar Ali Saibou ya fara tangaɗi. A ranar 9 ga Fabrairu, 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai, a watan Mayu sojoji suka yi kisa a Cintabaraden, a watan Yuni kuma Mitterrand ya faɗa wa shugabannin Afirka a La Baule cewa taimakon Faransa zai bi bayan dimokuraɗiyya. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, 1991 aka yi babban taron ƙasa. A wannan shekarar ce wasu matasa, akasarinsu ƴaƴan Buzaye da suka yi boko, suka kafa ƙungiyar Timidria, kalmar Tamashek mai nufin ƴan'uwantaka, wadda Ilguilas Weila ya zama fitaccen jagoranta. A riƙe wannan da kyau: Turawa ba su ƙirƙiro Timidria ba. Mutanen da aka raina iyayensu ne suka kafa ta, kuma sun yi shekaru suna zagaya zanguna da kasuwanni kafin babban tallafi ya zo.

Da ya zo, ta hannun Anti-Slavery International ya fi zuwa, tsohuwar ƙungiyar Ingila da aka kafa a 1839. Ita ba ta jam'iyya ba ce, amma tana da aƙida tsayayya, kuma ita ma hannu take miƙawa ga manyan gidauniyoyi da gwamnatoci. Haka sarƙar take: mai kuɗi a sama, dillalin manufa a tsakiya, ɗan gwagwarmaya a ƙasa. Kowane mataki yana bin na ƙasa da shi bashin rahoto. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, an san sauran zancen.

Abu na farko da mai bayarwa ke so shi ne adadi, don da adadi ake buga kanun labari, da shi ake rubuta takardar neman kuɗi. Timidria ta yi bincike tsakanin 2002 da 2003, aka tambayi mutane kusan dubu 11, aka fito da adadin bayi 870,363 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 11 da ƴan kai ba. Lissafin ya haɗa da dangi da sauran mutanen da waɗanda aka tambaya suka ambata, kuma a irin wannan ƙidaya mutum ɗaya yana iya shiga sau biyu ko uku. Daga baya ita kanta Anti-Slavery ta koma tana cewa aƙalla mutum 43,000. Tsakanin adadin biyu akwai rami mai zurfi, kuma duk wanda ba ya son maganar ya sami wurin ɓuya a cikinsa. Da an ce akwai bauta, sai ya ce ai ku ne kuka ce dubu ɗari takwas.

Duk da haka binciken ya yi aiki. A ranar 13 ga Yuni, 2003 aka sa hannu kan dokar da ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Faransa ta hana cinikin mutane a yankunanta na Afirka ta Yamma tun 1905, amma sai bayan kusan shekara ɗari kundin hukunta laifuka na Nijar ya kira abin da sunansa. Akwai wani ɗan sashe a dokar da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran amfani: ya ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta damar shiga shari'a a matsayin masu ƙara. Baiwa ba ta iya kai ubangidanta kotu ita kaɗai, ko kuɗin mota ba ta da shi.

Abu na biyu da mai bayarwa ke so shi ne biki, abin da kyamara za ta ɗauka. An shirya cewa a ranar 5 ga Maris, 2005, wani basaraken Abzinawa a Inates, cikin jihar Tilaberi, zai ƴanta bayi 7,000 a bainar jama'a. Ƴan jarida suka taru. Da ranar ta zo, a gaban jami'an gwamnati, aka ce babu bawa ko ɗaya a wurin. A ƙarshen watan Afrilu aka kama Ilguilas Weila da wani abokin aikinsa, aka zarge su da yunƙurin damfarar masu ba da tallafi na waje. Ita ƙungiyar da aka ce za a damfara ta fito ta ce ba wanda ya damfare ta. A watan Yuni aka sake su.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Gwamnatin Tandja Mamadou ba ta kama mai bayi ba, mai tona zancen ta kama, kuma makamin da ta ɗauka shi ne tambayar inda kuɗi ya fito. A wannan shekarar ce kuma Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, yana zargin ƙungiyoyin agaji da kambama abin don su tara kuɗi, har aka kai ga dakatar da likitocin MSF na Faransa a Maraɗi a 2008. Zargin ba ƙarya ba ne tsantsa, nan ne wahalar take. Akwai masu cin abinci da hoton yaro mai tamowa. Sai dai yaron yana nan, ko an ɗauki hotonsa ko ba a ɗauka ba.

Yanzu a dawo Ƙonni, inda kuɗin ya bi wata hanya marar hayaniya. An sayar da Hadijatu a 1996 kan jika 240 ga wani mai hali, ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan an cika huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba kwana, ba gado, sai aikin gida da na gona da shimfiɗa. Ta yi shekara tara a haka. A ranar 18 ga Agusta, 2005, bayan wayar da kan da Timidria ta yi a yankin kan sabuwar doka, ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, sannan ya ce ba inda za ta je, don matarsa ce. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta soke wannan, ta ce bisa al'ada baiwa matar ubangidanta ce. Magana ta tafi kotun ƙoli ta dawo. Ana cikin haka ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidan ya kai ƙarar aure kan aure, a watan Mayu na 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ita da mijinta da ɗan'uwanta. Ta yi kusan wata biyu a kurkuku.

A duba tsawon wannan hanya. Kowane zama yana cin kuɗin mota, da takardu, da lauya, da wurin kwanan wadda ta gudu. Timidria ce ta tsaya mata a gida, lauyan Nijar Abdourahaman Chaibou ya riƙe shari'ar, Anti-Slavery da wata ƙungiyar lauyoyi ta Landan mai suna Interights suka kawo ƙwarewa da kuɗi, aka shigar da ƙara gaban kotun CEDEAO a watan Satumba na 2007. Ba taro a otal, ba hula da riga mai tambari. Ta nemi miliyan 50, aka ba ta 10, gwamnati kuma ta biya.

Su ma masu tallafin da nasu lissafin. Suna neman shari'ar da za ta zama abin misali a duk yankin, suka same ta. A 2009 aka kai Hadijatu Washington, Hillary Clinton da Michelle Obama suka ba ta lambar yabo. Sauran wahayu da ke tsakanin Ƙonni da Madawa da Illela, waɗanda Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka yi bincike a kansu a rahoton 2012, ba a kai ko ɗaya Amurka ba, kuma rahoton ya nuna yawancinsu an sayar da su kafin su cika shekara 15, wasu an tsallaka da su Najeriya. Amma hukuncin ya sauya abin da alƙalin Ƙonni ke iya rubutawa. A watan Mayu na 2014, a Birnin Ƙonni, aka ɗaure wani dattijo mai shekara 63 na tsawon shekara huɗu saboda ajiye wahaya, karo na farko a tarihin ƙasar. Garin da aka ɗaure baiwa a 2007 shi ne ya ɗaure ubangida bayan shekara bakwai. A 2019 babbar kotun ƙasa ta rufe shari'ar Hadijatu, ta tabbatar da cewa wahaya ba aure ba ne.

A shekarar 2014 ɗin nan ce kuma Interights ta rufe ofishinta saboda rashin kuɗi. Gidauniyoyi suna canza alƙibla kamar yadda ƴan kasuwa ke canza haja, yau bauta, gobe ƙaura zuwa Turai, jibi ta'addanci. Masaniyar tarihi Benedetta Rossi, wadda ta yi dogon bincike a ƙasar Adar kan aikin raya karkara na Keita da Italiya ta fara biya a 1984, ta nuna a littafinta na 2015 cewa masu ɗaukar duwatsu don a ba su abinci, yawancinsu mata ne matalauta, da dama daga zuriyar bayi. Aikin ya zo ya tafi, matsayinsu bai motsa sosai ba.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, tambayar 2005 ta dawo da ƙarfi. A watan Nuwamba na 2024 aka janye lasisin ƙungiyar Acted ta Faransa, a watan Fabrairu na 2025 aka sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya. Ba na ganin laifi ƙasa ta tambayi mai kawo kuɗi abin da yake nufi da shi, ko ta nemi ganin littafin lissafinsa. Amurka kanta tana da dokar rajistar wakilan ƙasashen waje tun 1938. Sai dai a ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, wato hanyar da Hadijatu ta bi zuwa wancan hukunci ta toshe ga wadda za ta zo bayanta, a daidai lokacin da gwamnatin Trump ta wargaza hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai kuma ke rage kasafin agaji.

Abin da ya rage a hannu shi ne dokar 2003, da hukuncin 2014 da na 2019, da kotun Ƙonni. Dukkansu suna bukatar wanda zai biya kuɗin mota da lauya. Ƙasar Ƙonni ba ta rasa masu hali ba, kasuwar iyaka ta yi alhazai da yawa, suna gina masallatai, suna biyan kujerun Makka, suna raba hatsi da azumi. A cikin wurare takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware wa zakka, ɗaya ƴantar da wuyaye ne. Lokacin da aka tsaya gaban alƙalan CEDEAO a 2008, sunayen da ke bayan ƙarar na Timidria ne da na ƙungiyoyi biyu na Landan.