Feymania: yadda ake gane dabarun 'yan daɗin baki a Duwala

Feymania kalma ce da ta yaɗu a Kamaru a shekarun 1990, zamanin matsin tattalin arzikin da aka karya darajar sefa a 1994. Ma'anarta damfara ta hanyar daɗin baki, mai yin ta kuma ana kiransa feyman. Unguwar New Bell ta Duwala, inda Hausawa suka daɗe da zama, na cikin wuraren da ta yi ƙaurin suna. A nan Donatien Koagne ya taso, wanda ya shahara da alƙawarin ninka kuɗi, ya ƙare a kurkukun Yemen.

Feyman ba ya ƙwace, mutum ne ke miƙa masa da hannunsa. Yakan fara da nuna wadata, mota da sutura da kyauta, don a yarda da shi. Sai ya bari a ɗanɗana 'yar riba. Daga nan ya ce lokaci ya ƙure, kuma kada a faɗa wa kowa, ko da iyaye ne. In dukiya ta salwanta, kunya ke rufe bakin wanda aka cuta.

Ana ganin waɗannan matakai a neman aure, da adashi, da kiran waya na neman lambar sirrin Orange Money ko MTN MoMo. Babbar alama ita ce gaggawa haɗe da sirri: duk wanda ya hana a yi shawara, akwai abin da yake ɓoyewa.

Sashe na 318 na dokar manyan laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan damfara da cin amana.