Tarihin Jar Zinariya: Daga Tandar Masu Gilashi Zuwa Ɗakin Binciken Mustafa El-Sayed

Kowa ya san zinariya da launinta na rawaya, ko a wuyan amarya ko a ma'aunin 'yan kasuwa, amma kaɗan ne suka san cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye wani sirri a cikin wannan ma'adini, wato idan aka mayar da shi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, har suka fi ƙarfin ido, sai rawayar nan ta gushe, ya koma ja wur. Ma'aunin da malaman kimiyya ke auna irin waɗannan ƙwayoyi da shi sunansa nanomita, kashi ɗaya ke nan cikin biliyan na mita, alhali kaurin silin gashin kai guda ya kan kai nanomita 80,000. Tarihin wannan jar zinariya tarihi ne na wata sana'a wadda masu aikin hannu suka riƙe shekaru fiye da dubu ba tare da sun san sirrinta ba, kuma ba ta zama abin taimakon marar lafiya ba sai da malamai suka zauna, tsara bayan tsara, suka binciko dalilin.

Mafi shaharar shaidar da ta rage daga zamanin da ita ce wani kofin gilashi da Rumawa suka yi a ƙarni na 4 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wanda ake kira Kofin Lycurgus, yana kuwa gidan tarihi na Birtaniya a Landan tun 1958. In haske ya faɗo masa ta gaba sai a gan shi kore, in kuwa aka sa fitila a bayansa sai ya rikiɗe ya zama ja. Ba a kuwa tabbatar da musabbabin haka ba sai a 1990, sa'ad da aka duba ɓarɓashinsa da madubin lantarki, aka iske ƙwayoyin zinariya da azurfa warwatse cikin gilashin.

A ƙarni na 9, zamanin daular Abbasiyya, magina tangaran na Iraƙi, a Basra da Bagadaza, suka fito da wata hikima mai kama da wannan, wadda ta fi ta Rumawa ɗorewa da yaɗuwa. Bayan sun gasa kwano ya yi sheƙi, sai su kwaɓa sinadaran azurfa da jan ƙarfe da jar ƙasa da ruwan tsami, su zana ado a kansa, sa'an nan su mayar da shi cikin tanda mai yawan hayaƙi da ƙarancin iska, har ƙarafan nan su nutsa cikin fatar kwanon su zama ƙwayoyin da ido ba ya rarrabewa. In an fitar an goge, sai ga kwanon yumɓu yana walƙiya da hasken zinariya, alhali ko ɗigon zinariya babu a jikinsa. Wasu masana tarihi na ganin cewa haramcin da shari'a ta ɗora kan ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa yana cikin abin da ya sa wannan sana'a ta sami karɓuwa wurin sarakuna da attajirai. Daga Iraƙi ta wuce Masar zamanin Faɗimiyyawa, ta kai Kashan a ƙasar Farisa, inda Abul Ƙasim, ɗan gidan magina, ya rubuta bayaninta a 1301, ta kuma ƙetara Malaga a Andalus. Har yau kuwa mihrabin babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya yana ɗauke da irin wannan tangaran da aka kafa wajajen shekarar 862. Waɗannan mutane gwanaye ne na haƙiƙa, amma iliminsu na gado ne da jarrabawa, uba ya nuna wa ɗa, saboda haka bai wuce ƙawata kwano da bango ba.

A Turai ma haka al'amarin ya kasance, domin a ƙarshen ƙarni na 17 Johann Kunckel yana narka jan gilashi da zinariya a Potsdam ta ƙasar Jamus, ba tare da ya iya faɗin abin da ke faruwa cikin tukunyarsa ba. Wanda ya fara buɗe ƙofar fahimta shi ne Michael Faraday na Ingila, wanda a 1857 ya haɗa wani jan ruwa daga sinadarin zinariya, ya kuma yi hujja da cewa jan nan na zinariyar ce kanta, tana yawo cikin ruwan a rarrabe. Kwalaben nasa suna nan a Landan har yanzu. A 1908 Gustav Mie ya fitar da lissafin da ke bayyana yadda girman ƙwaya ke hukunta irin hasken da za ta haɗiye da wanda za ta watsa, aka kuma ba Richard Zsigmondy kyautar Nobel ta 1925 saboda bincikensa kan irin waɗannan ruwaye, shi da ya haɗu da Siedentopf suka ƙera madubin da aka fara hango ƙwayoyin da shi.

Da dalili ya bayyana, amfani bai yi nisa ba. A 1971 Faulk da Taylor suka nuna cewa ana iya manna wa ƙwayar zinariya sinadarin garkuwar jiki, wanda ba ya kama kome sai abin da aka halicce shi ya kama, ta yadda duk inda ya sauka jan zinariyar zai tona wurin. A kan wannan asali aka gina yawancin 'yan sandunan gwajin gaggawa na zamaninmu, har jan layin nan da ke fitowa idan ma'aikacin asibiti ya ɗiga jinin yaro don gwajin zazzaɓin cizon sauro, a Kano ko Maraɗi, galibi taron ƙwayoyin zinariya ne.

Cikin malaman da suka kai wannan ilmi ga yaƙi da ciwon daji, Farfesa Mustafa El-Sayed yana sahun gaba. An haife shi a 1933 a garin Zifta na ƙasar Masar, ya yi karatu a Jami'ar Ain Shams ta Alƙahira, ya tafi Amurka ya sami digirin dakta a Florida, sa'an nan ya fara koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1961. Shekaru fiye da talatin ya yi yana nazarin mu'amalar haske da sinadarai, har aka sa wa wata ƙa'ida ta wannan fanni sunansa, aka kuma ba shi kyautar Sarki Faisal ta kimiyya a 1990. Bayan duk wannan, yana da shekara sittin da ɗoriya, lokacin da da yawa ke shirin hutawa, ya koma Cibiyar Fasaha ta Jojiya a Atlanta a 1994, ya fuskanci ƙwayoyin ƙarafa gadan-gadan.

Abin da shi da almajiransa suka zurfafa a kai shi ne cewa siffar ƙwaya, ba girmanta kaɗai ba, tana sauya hasken da take haɗiyewa, har idan aka yi ta doguwa mai siffar sanda, sai ta riƙa haɗiye wani haske da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa naman jiki, ta kuwa mayar da shi zafi nan take. Tare da ɗansa Ivan, likitan fiɗa na kai da wuya a San Faransisko, suka nuna a 2005 cewa zinariyar da aka manna wa sinadarin garkuwa tana liƙe wa ƙwayoyin ciwon daji fiye da lafiyayyu nesa ba kusa ba, a 2006 kuma suka nuna, a ɗakin gwaji, cewa kimanin rabin ƙarfin hasken lezar da ke kashe lafiyayyar ƙwaya ya isa ya ƙona mai cutar. Amurka ta saka wa Mustafa El-Sayed da lambarta mafi girma ta kimiyya, ta shekarar 2007.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa wannan hanya ba ta zama maganin yau da kullum a asibitoci ba tukuna. An dai gwada wata 'yar'uwarta, wadda Naomi Halas da Jennifer West suka ƙirƙiro a Jami'ar Rice, a kan maza 16 masu ciwon dajin prostate a Niyok, aka buga sakamako mai ƙarfafa zuciya a 2019, amma tsakanin gwaji da magani akwai tafiya mai nisa. Duk da haka, abin da aka riga aka samu ya isa hujja cewa binciken da ba a ga ribarsa a yau ba asara ba ne, domin daga jan ruwan Faraday zuwa gwajin El-Sayed shekara kusan 150 ce, kuma kowane malami a tsakaninsu ya ɗora ne a kan abin da na gabansa ya bari. Saboda haka ya kamata mahukunta da mawadata su ɗauki nauyin masu bincike da haƙuri, ɗalibai kuma kada su raina tambayar dalili a kan sana'ar da suka gada.