Jiragen da suka bi sawun alhazai zuwa Kano

Mu mazauna Zongon Kwatano kunnenmu ya saba da rurin jirage daga filin Cadjehoun, har yaranmu ba sa ɗaga kai. Amma jiragen da suka fara sauka a Kano ba na fasinja ba ne, na soja ne, kuma aikinsu leƙen ƙasa da jefa bam.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa, domin birnin ba shi da filin jirgi tukuna. Jagoransu Arthur Coningham. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba. Samfurinsu DH.9A: fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi, yawancin jikin kuwa katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle. Injinsa ƙirar Amurka ne mai ƙarfin doki 400, gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba. Mutum biyu yake ɗauka, ba rufi a kansu: matuƙi a gaba, a bayansa mai duban ƙasa da bindigarsa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne hanyar da suka biyo: Khartum, Al-Fashir, Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yau, sannan Kano. Wannan ai hanyar alhazai ce, sai dai su daga gabas suka fito. Kakanninmu kan bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙafa ko bisa jaki, su yada zango su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu su shekara da shekaru, wasu ma can aka binne su. Tafiyar da ke cinye ƙuruciyar mutum, waɗannan sun yi ta cikin kwana shida.

Kada mamaki ya rufe mana ido. Mutanen Al-Fashir sun riga Kanawa sanin jirgi, kuma ba da daɗi ba: a 1916 jirgin Ingila ya jefa bam kan rundunar Sultan Ali Dinar tana ja da baya. A shekarun 1920 da irin wannan DH.9A ɗin aka riƙa ladabtar da ƙauyukan Iraƙi da suka ƙi biyayya, don ya fi aika runduna araha. Wanda ya ga garinka daga sama ya san rijiyarka da garkenka.

Hanyar ba ta mutu ba. Daga 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su bi ta gefen tekunmu zuwa Ikko, domin Dahome na hannun gwamnatin Vichy a lokacin, daga nan Kano, Maiduguri, Khartum har Masar. Mai karɓarsu a hamadar Masar tun 1941, kwamandan sojan saman da ke yaƙar Jamus a can, shi ne dai Coningham ɗin nan.