Alƙalan Waƙa: Daga Gonar Gayya Zuwa Gasar Ɗan Gurmu

A ƙasar noma ta arewacin Kano, daga Minjibir da Dawakin Tofa har Bichi da Dambatta, inda gona ke jingine da gona ba a barin saura ta huta, an san gasar waƙa tun kafin a san kofi da kwamitin alƙalai. Filinta shi ne gonar gayya. Mai gona ya gayyato samari, ya tanadi tuwo da fura, ya ɗauko makaɗa. Samari su jeru a bakin kunya, masu gangar noma na biye da su, ana kiran kowa da sunan ubansa da na kakansa. A ido manoma ne ke tsere, amma makaɗa ma suna cikin nasu tseren, domin wanda waƙarsa ta sa saurayi ya tsumu ya riga tsararsa fita kunya, shi za a nema baɗi. Hukuncin kuwa a take ake yanke shi, da kuɗin kari ko alkawarin dami idan kaka ta yi.

Ƙungiyar kiɗan Bahaushe tana da tsarinta: ga shugaba mai bakin waƙa, ga 'yan amshi, ga masu kayan kiɗa, ga sanƙira mai tsarma kirari. A fada abin ya fi haka girma, inda tambura da algaita da farai ke haɗuwa da kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa shi. Duk yawan taron, doka ɗaya ce: magana ce a gaba, kiɗa na bin ta. Mamman Shata na tsakiyar waƙa, idan wani mai alheri ya shigo fili, sai ya karkata baitin zuwa gare shi, kalangai su bi shi ba tare da an yi shawara ba.

Kiɗan simfoni, wanda ya kafu a Turai a ƙarni na 18 a hannun su Haydn da Mozart, a kan akasin wannan aka gina shi. Makaɗa kan kai tamanin ko fiye, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, kowa da takardar kiɗansa a gabansa, madugu ɗaya na juya su da ɗan sanda. Mawaƙin da ya tsaya gabansu sai ya ƙirga bugu kafin ya buɗe baki, kuma ba shi da ikon ƙara ko gaɓa ɗaya don wani baƙo ya shigo. A Nijeriya wannan kiɗa a Legas ya sami gida, musamman bayan kafa ƙungiyar MUSON a 1983. Abin da ƙasar Hausa ta sani daga danginsa shi ne badujalar soja da ta 'yan sanda, sai kuma ƙungiyoyin garaya ta zamani da ƙaho da suka bayyana a birane bayan samun mulkin kai.

Wurin da aka gwada haɗa mawaƙin Hausa da irin wannan ƙungiya a cikin gasa, da hannun hukuma, shi ne Jamhuriyar Nijar. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da samariya ya mai da ita ƙafar gwamnati a kowane gari. Daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A ƙarshen mulkinsa, cikin shekarun 1980, aka ware wa kiɗan zamani gasarsa, aka ajiye ta a Tawa, aka raɗa mata sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin gargajiya na ƙasar Adar. Zaɓen sunan kansa magana ce: ana gaya wa masu jita da ganguna na Turai cewa za a auna su ne da ma'aunin gida.

Okestirar da ke hawa dandalin Tawa ba ta kai girman ta simfoni ba. Jita ce da ganguna da ƙahonni da fiyano, wani lokaci a sa musu kalangu ko gurmi. Amma ta zo da tarbiyyar da ta fito daga can, kuma nan ne tarihin ya juya. Mawaƙi ya shiga atisaye na makonni tare da makaɗansa, ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru ƙaho ya yi magana. An ƙayyade masa lokaci. Ya fito daga jiharsa bayan ya tsallake zagayen share fage, yana ɗauke da sunanta. Sama da duka, alƙali ya sauya. Mai gona da samari da 'yan mata masu guɗa sun koma 'yan kallo, wasu mutane masu alƙalami a kan teburi suka karɓi hukunci. Tun da babu ubangidan da za a wasa, jigo ya karkata zuwa haɗin kan ƙasa da noma da gyaran hali, abubuwan da gwamnatin soja ke son ji.

Ana iya kushe wannan, a ce an ɗaure waƙa da igiyar hukuma, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ribar ma a bayyane take. Bayan 'yan shekaru aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, kuma a wannan zamani ne aka sami mawaƙa irin su Sa'adu Bori na Maraɗi. Shi ya ɗauko kiɗan bori, wanda a da garaya da buta ke ɗauke da shi, ya ɗora shi a kan jita da ƙaho bai ɓata masa ƙafa ba. Faifan da ya yi tare da Musa Pusi a 1994 ya shiga kasuwannin Turai, kaset ɗinsa kuma ya ratso iyaka ya cika tashoshin mota a Katsina da Kano. Ya rasu a haɗarin mota a 2008. A ganina shi ne amsar da gasar ke nema tun farko: mawaƙin da ya yarda ya ƙirga bugu tare da jama'a, amma bai sallama musu ragamar magana ba. Gasar kanta ta sha tsayawa ana sake tayar da ita, kamar yadda duk abin da ya dogara da aljihun gwamnati yake yi.

A ɓangaren Kano tarihin ya bi wata hanya. Lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha guda ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti ya haɗiye ƙungiyar gaba ɗaya. Goge na ciki, sarewa na ciki, har kwaikwayon kalangu, kuma mutum ɗaya ke danna su. Mawaƙin Kano ya sami amon okestira da araha, bai taɓa zama da makaɗa goma sun daidaita numfashi ba. A karkara kuwa gayya ta ja baya, saboda ƙodago da maganin feshi da garmar shanu sun rage buƙatarta, samari da yawa kuma suna birni cin rani ko neman kuɗi. Mai gangar noma da ya rage a ƙauyukan Dambatta da Makoda yanzu ya fi samun kira a filin dambe da bikin aure, inda yakan jira mai na'urar sauti ya kashe lasifika kafin ya sa gula.