Marcantonio, mai sassaƙar da ya fito da Raphael kasuwa

A zamanin da babu kyamara, duk mai son ganin zanen Raphael sai ya yi tattaki zuwa Roma. Ko ya je ɗin ma, galibin aikin na cikin fadar Paparoma da gidajen attajirai, inda talaka ba ya ko leƙawa. Wanda ya fito da shi kasuwa shi ne Marcantonio Raimondi, mutumin yankin Bologna.

Sana'arsa sassaƙa a farantin tagulla. Da ɗan ƙarfe mai kaifin baki yake yanka layi, a shafe farantin da tawada, a goge samansa tas, sai wadda ta maƙale cikin ramukan ta rage. A ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Abin da ke dama a faranti hagu yake fitowa a takarda. Babu launi ko ɗigo: inuwa, tsoka, gajimare, duk da layuka masu giciye da juna ake nuna su. Ni kam a nan nake sara masa.

Da rigima ya fara suna. Wajajen 1506 a Venice ya kwaikwayi ayyukan Albrecht Dürer na Jamus, har da tambarin AD da Dürer ke sa wa aikinsa. Marubuci Giorgio Vasari ya ruwaito cewa Dürer ya kai ƙara, hukuma ta ce kwaikwayo dai ya ci gaba, amma tambari a bar wa mai shi.

Wajajen 1510 Marcantonio ya isa Roma, suka haɗa kai da Raphael. Fitaccen aikinsu shi ne "Hukuncin Paris", daga almarar Girkawa: an miƙa wa Paris, ɗan sarkin Troy, tuffar zinariya ya ba wadda ta fi kyau cikin alloli mata uku, Hera da Athena da Aphrodite. Aphrodite ta yi masa alkawarin Helen, matar sarkin Sparta, ya ba ta. Toshiyar da ta jawo yaƙin shekara 10 ke nan. Zanen da Raphael ya yi da hannunsa ya ɓata, na tagulla ne ya rage wa duniya. Shekara kusan 350 bayan haka, a 1863, mai zane Édouard Manet na Faransa ya ɗauko zaman wasu mutum uku da ke kusurwar dama ta ƙasan hoton, ya mai da su a nasa zanen 'yan shan iska a dawa, birnin Paris ya ɗauka da cece-kuce.

Bayan rasuwar Raphael a 1520 sai al'amura suka dagule wa Marcantonio. A 1524 ya sassaƙa wasu zane-zanen batsa na Giulio Romano, Paparoma Clement VII ya jefa shi kurkuku, sai da manya suka sa baki. A 1527 sojojin Sarki Charles V suka wawashe Roma, Marcantonio ya fanshi kansa da dukiyarsa, ya bar garin hannu rabbana. Wajajen 1534 ya mutu.